Yadda ake gane wuri a tsakiyar teku da sekistan

Ɗan'uwa ka tambaya ko da gaske ne da sekistan kaɗai mutum zai iya sanin inda yake a tsakiyar teku ba GPS ba komai, in haka ne yaya ake yi, sannan ko wanda baya kusa da teku zai iya koya. Ana iyawa ƙwarai, kuma zaka iya koya ko baka taɓa ganin teku ba, amma ba da sekistan kaɗai ba. Shi aikinsa ɗaya ne tak, ya auna kusurwar da ke tsakanin abin da ke sama (rana ko wata ko tauraro) da layin can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, wato ufuƙi. Daga nan ya gama nasa. Sauran aikin na agogo ne mai nuna lokacin UTC (lokacin Girinwic da duk duniya ke kwatance da shi) daidai har sakan, da littafin almanak na wannan shekarar, da fensir da takarda. Mutane da yawa suna sayen na'urar suna zaton lamba zata fito musu kamar ta waya, sai su ajiye ta a akwati bayan sati biyu, abin yana damuna don wahalar bata kai yadda ake tsoro ba.

Fara riƙe wannan tukuna, in ka gane shi ka gane rabin karatun. A kowane sakan akwai wuri guda ɗaya a doron duniya da rana take tsaye daidai tsakar ka, in ka kafa sanda a wurin ba zaka ga inuwa ba ko kaɗan. Almanak ɗin shi ke gaya maka inda wannan wurin yake a kowace awa ta kowace rana, latitud ɗinsa (nisansa arewa ko kudu da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu) ana kiransa diklineshan, lonjitud ɗinsa (nisansa ta gabas ko yamma) kuma GHA, ana ƙirga shi daga Girinwic ta Landan zuwa yamma. To kai da baka wurin, rana bata tsakar kanka, ta ɗan karkata, kuma iya karkatar nan shine nisanka da wurin. In ka auna tsayin rana ka samu digiri 60, cire shi daga 90 saura 30, digiri ɗaya minti 60 ne (minti na awon kusurwa fa, ba na agogo ba), kuma minti ɗaya daidai yake da mil ɗaya na teku, mita 1852. Kaga kenan kana nesa da wurin da mil 1800. Amma ta wane ɓangare? Wannan awo ɗaya bai faɗa ba. Kamar mutanen da suka kewaye doguwar fitilar kan titi ne, duk wanda nisansa da gindinta ɗaya ne da naka, ɗaga kan da zai yi ya kalli ƙwan ɗaya ne da naka, ko yana gabas ko yana yamma. Don haka awo ɗaya da'ira yake baka, babbar da'ira a kan duniya, kana wani wuri a kanta. Sai ka sake auna wani abu daban, ko ita ranar bayan ta yi tafiya, ka samu da'ira ta biyu, inda suka ratsa juna nan kake. Suna ratsa juna a wuri biyu ne amma yawanci ɗayan yana can dubban mil nesa, ba zaka ruɗe ba.

Ita na'urar kanta ba wani abin mamaki a cikinta. Firam ne mai baka wanda yake kashi ɗaya cikin shida na da'ira, digiri 60, amma saboda hasken yana bugun madubi biyu kafin ya iso idonka tana auna har digiri 120. Akwai madubi na sama da ke manne da hannu mai motsi, akwai na gaba wanda rabinsa madubi rabinsa gilas zalla, da ɗan bututun hangen nesa, da baƙaƙen gilasai na rage haske, da ɗan gangan da ake murzawa a ƙasa don karanta mintoci. John Hadley a Ingila da Thomas Godfrey a Filadelfiya kowa ya ƙirƙiro irin wannan tsarin da kansa wajen 1730, nasu digiri 90 yake aunawa, daga baya wajen 1757 aka faɗaɗa shi ya zama wanda muka sani. Hikimar madubi biyun nan itace, ranar da ufuƙin suna bayyana a hoto ɗaya, jirgi ya yi ta tangaɗi hannunka ya yi ta rawa amma su biyun tare suke motsi, tazarar da ke tsakaninsu bata canzawa. Kafin haka matuƙan Larabawa a tekun Indiya da ɗan katako da igiya suke yi, kamal, su ciji igiyar su miƙa katakon su daidaita shi tsakanin tauraro da ruwa, kuma yana musu aiki wajen latitud.

Wajen riƙewa. Dan Allah kafin komai sa baƙaƙen gilasan, fara da masu duhu sosai sannan ka rage, kada ka taɓa kallon rana ta bututun nan ba su, ido baya dawowa. Ka riƙe da hannun dama, ka sa hannun mai motsi a sifili, ka fuskanci rana har ka ganta, sai ka matse maƙallin da ke ƙasan hannun mai motsi da hannun hagu kana tura hannun gaba a hankali kana sauke na'urar ƙasa, ranar tana biyo ka a cikin madubi har ka kawo ta kusa da ruwa. Daga nan ka saki maƙallin ka koma murza gangan. Abin da kake nema shine gefen rana na ƙasa ya zauna a kan layin ufuƙi, ya taɓa shi kawai, kada ya nutse kada ya yi sama. Sannan abin da sababbi suke mantawa, ka riƙa karkata na'urar dama da hagu a hankali da wuyan hannu, zaka ga ranar tana lilo tana zana baka, tana sauka tana tashi, daidai ƙasan lilon nan ne na'urar take tsaye cak, a nan ake so ta shafi layin. In baka yi lilon nan ba kusurwar da zaka karanta kullum zata fi ta gaskiya girma. Da ta shafa sai ka ce "yanzu", wanda ke riƙe da agogo ya rubuta sakan tukuna, sannan minti, sannan awa, a wannan jerin, don sakan ne ke gudu. In kai kaɗai ne ka fara ƙirga sakanni a baki har idonka ya kai kan agogo sai ka cire abin da ka ƙirga.

Lambar da ka karanta ɗanya ce, sai an gyara ta. Na farko kuskuren sifili na na'urar, ka sa komai a sifili ka kalli ufuƙi, in layin ya fito a miƙe ba karaya to lafiya, in ya karye gida biyu ka murza har ya haɗe ka karanta abin da gangan ya nuna, in ya wuce sifili zuwa cikin bakan cirewa zaka yi, in ya koma bayan sifili ƙarawa zaka yi. Duba shi duk lokacin da zaka yi awo, musamman sekistan na roba da zafin rana ke sa shi motsi. Na biyu tsayin idonka daga ruwa, don duk yadda ka hau sama ufuƙi yana ƙara yin ƙasa, lissafinsa 1.76 sau tushen murabba'in tsayin a mita, amsar a minti, kuma kullum cirewa ake. Mita 4 zai baka minti 3.5, mita 9 zai baka wajen 5.3. Na uku iska tana lanƙwasa haske ta sa abu ya bayyana sama da inda yake, a daidai ufuƙi abin ya kai wajen minti 34, a digiri 10 wajen minti 5, a digiri 45 minti 1 kacal, shi yasa bana son awon abin da bai kai digiri 15 ba sai in babu yadda za'ayi. Na huɗu, gefen rana ka auna amma almanak da tsakiyarta yake magana, sai ka ƙara rabin faɗinta, wajen minti 16. Wata kuma yana da nasa ƙarin gyaran saboda kusancinsa da mu, yana iya kaiwa kusan digiri guda, ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Duk waɗannan suna cikin jadawali a shafukan farko da na ƙarshe na almanak, ba sai ka haddace ba.

Awon da zan ce ka fara da shi shine na tsakar rana, don shi baya buƙatar agogo mai tsananin daidai kuma lissafinsa tarawa da ɗebewa ne kawai. Kamar minti 20 kafin rana ta kai ƙololuwa ka fito ka fara binta, tana hawa kana murzawa, tana hawa kana murzawa, hawan yana raguwa, har ta zo ta tsaya kamar an rataye ta na ɗan lokaci, sannan gefenta ya fara nutsewa cikin layin. Kada ka bi ta ƙasa, lamba mafi girma da ka samu ita kake so. Ga misali da lambobin da na tsara don ka bi da fensir. A ce 21 ga Yuni ne, kana arewacin Atilantika, rana tana kudu da kai, ka karanta digiri 73 da minti 10.0. Kuskuren sifili minti 2.0 a cikin baka, cire, saura 73 da 08.0. Idonka mita 4 daga ruwa, cire 3.5, saura 73 da 04.5. Rabin faɗin rana a Yuni 15.8, lanƙwasar haske a wannan tsayin 0.3, wato ka ƙara 15.5, ya zama 73 da 20.0. Cire wannan daga 90, ka samu digiri 16 da minti 40, nisanka kenan daga inda rana ke tsakar ka, kuma kai kana arewa da wurin. Almanak ya ce ranar diklineshan digiri 23 da minti 26 arewa. Tara su, 40 da 06 arewa, latitud ɗinka kenan. Shawarata kada ka haddace dokar "a tara ko a cire", zana ɗan hoto, ikwaita ga ta, rana ga ta, ni ga ni, hoton zai faɗa maka. Da dare a arewacin duniya tauraron Polaris ma yana bada latitud kusan kai tsaye, tsayinsa shine latitud ɗinka da ɗan gyaran da bai kai digiri ɗaya ba.

Lonjitud ne inda agogo yake shigowa da ƙarfinsa. Duniya tana juya digiri 15 a awa, digiri 1 a minti 4, wato duk sakan 4 da agogonka ya yi kuskure ka kauce da mil guda a ikwaita. Minti ɗaya na agogo mil 15 kenan, ya isa ya ɗora jirgi kan dutse. Wannan matsalar ce ta sa majalisar Birtaniya ta sa kyautar fam 20,000 a 1714 ga wanda ya warware ta, mai ƙera agogo John Harrison ya ƙare rayuwarsa a kanta, agogonsa na huɗu da aka gwada a tafiyar Jamaika a 1761 zuwa 1762 kuskurensa wajen sakan 5 ne bayan an lissafa abin da aka riga aka san yana ragewa kullum. A ɗaya ɓangaren masanin taurari Nevil Maskelyne ya fitar da almanak na farko na shekarar 1767. Yau agogon hannu mai batir ya wadatar. Zaka ji ana cewa ka duba ƙarfe nawa rana ta kai ƙololuwa a UTC ka juya shi lonjitud, in ƙarfe 2 na rana ne to kana wajen digiri 30 yamma. Haka ne a ƙa'ida, amma abu biyu, rana bata bin agogo daidai, tana iya yin gaba da minti 16 a farkon Nuwamba ko baya da minti 14 a Fabrairu, almanak yana bada wannan, sannan tsayawar nan da take yi a sama tana hana ka sanin ainihin sakan ɗin. Dabarar itace ka auna ta kamar awa guda kafin, ka rubuta lokaci, bayan ta karkata ka mayar da na'urar kan wannan lambar ka jira ta sauko ta shafi layin, tsakiyar lokutan biyu shine tsakar ranarka. A jirgin da ke gudu kudu ko arewa wannan ma yana ɗan kaucewa, don haka ni ban ɗauke shi abin dogaro sosai ba.

Hanyar da masu aikin suke bi da gaske ta layin matsayi ce. Wani kyaftin Ba'amurke, Thomas Sumner, a Disambar 1837 yana tunkarar gaɓar Birtaniya cikin hadari kwana da kwanaki bai ga rana ba, da ta leƙo sau ɗaya ya auna, tunda bai tabbatar da latitud ɗinsa ba sai ya yi lissafin da latitud uku daban daban, ya ga duk amsoshin sun jeru a layi ɗaya miƙaƙƙe kuma layin ya bi ta kan hasumiyar fitilar Smalls da ke gaɓar Wales, ya bi layin har ya hango fitilar. Layin nan ɗan guntun babbar da'irar nan ce da na faɗa maka a sama, don girmanta in ka yanko mil 30 ko 40 sai ya zama kamar miƙaƙƙe. A 1875 wani hafsan ruwan Faransa, Marcq Saint-Hilaire, ya kawo tsarin da ake bi har yau. Ka zaɓi wani wuri kusa da inda kake zato, daga lissafin gudunka da alƙiblarka da awannin da ka yi. Ka tambayi jadawali, da a ce ina wannan wurin a wannan sakan ɗin, nawa tsayin rana zai kasance kuma ta wace fuska? A ce ya baka digiri 41 da minti 20, fuska 120 (digiri 120 kenan daga arewa ta ɓangaren gabas). Kai kuma naka awon bayan gyara 41 da 26. Naka ya fi da minti 6, ma'ana ka fi kusa da rana da mil 6. A taswira ka ja layi daga wurin zaton zuwa fuskar 120, ka auna mil 6, ka ja wani layin da ya gicciye shi a tsaye, kana kan wannan. Da naka ne ƙarami sai ka auna mil ɗin ta baya. Jadawalin da aka fi sani sune HO 249 da HO 229, na farkon don jiragen sama aka yi shi amma masu ƙananan jiragen ruwa sun fi sonsa don sauƙi. Kalkuleta mai sin da cos ma tana yi, sin na tsayi daidai yake da sin latitud sau sin diklineshan, a tara da cos latitud sau cos diklineshan sau cos LHA, shi LHA kuwa GHA ne da ka cire lonjitud ɗin yamma ko ka ƙara na gabas.

Da rana kaɗai zaka yi awo da hantsi, ka yi na tsakar rana, ka matsar da layin hantsin gaba gwargwadon tafiyar da jirgi ya yi a tsakani, inda suka haɗu ka sa alama. Amma mafi daɗin aikin taurari ne. Almanak yana da taurari 57 da aka zaɓa, ga kuma duniyoyi huɗu, Zara da Mushtari da Mirrihi da Zuhal. Matsalarsu lokaci, dole ka ga tauraro kuma ka ga ufuƙi a tare, wannan kuwa sai a ɗan tsakanin nan bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta, rana tana ƙasa da ufuƙi da digiri 6 zuwa 12 ko ƙasa da haka kaɗan, a kusa da ikwaita baya wuce minti 20 zuwa 30. Wanda ya fito yana ɗaga kai yana neman tauraro lokacin zai ƙare masa. Tun da la'asar ake zama a lissafa, juzu'in farko na HO 249 yana baka taurari 7 da tsayinsu da fuskarsu, ka sa lambar a na'urar, ka juya fuskar da kamfas, ka leƙa, sai kaga ɗan ɗigon haske yana zaune dab da layin tun ido zalla bai fara ganinsa ba. Zaɓi uku da suka rarrabu a kewayen sama, kamar digiri 120 tsakaninsu, don in akwai kuskure iri ɗaya a duka awon su cinye juna. Layukan uku da wuya su haɗu a ɗigo ɗaya, ɗan alwatika suke bari, in ƙarami ne ka sa alama a tsakiya, in kuma akwai duwatsu kusa ka ɗauka kana kusurwar da ta fi kusa da haɗarin.

A ƙaramin jirgi ka jira igiyar ruwa ta ɗaga ku sama sannan ka ɗauka, a ƙasan kwari bakin wata igiyar kake gani ba ufuƙi ba. Ka ɗauki awo biyar a jere cikin 'yan mintoci ka zana su a takarda, tsayi da lokaci, wanda ya fita daga layi ka watsar. A babban jirgi da hannu mai kyau mil 1 zuwa 2 abu ne da ake samu, a ƙarami cikin igiya in ka samu mil 5 ka gode Allah, kuma ya isa, don tsibiri ko fitilar gaɓa ana hango su daga nesa da haka. Frank Worsley a 1916 ya kai kwalekwalen James Caird mai ƙafa 22 da rabi daga tsibirin Elephant da ke kusa da Antaktika zuwa tsibirin South Georgia, wajen mil 800, da awon rana huɗu kacal, mutum biyu suna riƙe shi kada ya faɗa ruwa. Kuma a ganina yawancin manyan kurakurai ba daga hannu suke zuwa ba, daga fensir ne, an buɗe shafin jiya, ko an manta kwanan wata a UTC ya riga ya canza, ko an tara minti 45 da 30 an rubuta 75 an manta 60 ce ke cika digiri.

Kai da baka kusa da teku, samu faranti mai ɗan zurfi ka zuba baƙin man inji ko ruwa, ka ajiye inda iska bata kaɗawa. Ka tsaya yadda zaka ga hoton rana a cikin man, ka sauko da ranar sama ta madubi har ta hau kan ta cikin farantin su zama ɗaya. Gyara kuskuren sifili tukuna, sannan ka raba biyu, babu gyaran tsayin ido, kuma tunda tsakiya ka ɗora kan tsakiya babu na rabin faɗi, saura lanƙwasar haske kawai. Iyakarsa rana kada ta wuce digiri 60 tunda ninki kake aunawa, a ƙasashe masu zafi sai da hantsi ko la'asar. Baƙin gilas na gaba ma ka sa shi, hasken cikin man yana ƙona ido. Sekistan na roba irin Davis ya isa koyo, na ƙarfe irin Astra ko Tamaya ko Cassens & Plath sai in zaka fita teku da gaske, kuma in na hannu zaka saya ka duba bakan bai lanƙwasa ba don shi baya gyaruwa, madubi kuwa ana canzawa.

Masu cewa ilimin ya mutu ban yarda da su ba. A Yunin 2017 jirage sama da 20 a Bahar Aswad kusa da Novorossiysk GPS ɗinsu ya nuna suna filin jirgin sama a kan tudu, makarantar sojan ruwan Amurka da ke Annapolis ta dawo da koyar da shi a 2015, kuma har yau yana cikin abin da ake tambayar hafsoshin jiragen kasuwanci kafin a basu takarda. Ka yi amfani da GPS ɗin wayarka a matsayin malamin da zai duba maka aiki, ka yi awo ka ja layi ka ga mil nawa ka kauce, ka rubuta. Agogon kuma ware guda ɗaya ka sa shi a UTC kada ka sake taɓa shi, duk sati ka gwada shi da sahihin lokaci ka rubuta sakan nawa ya yi gaba ko baya a ɗan littafi, bayan wata biyu zaka san abin da yake ci a kullum, sai ka riƙa cirewa ko ƙarawa a lissafi. Almanak kuma na rana da taurari ana iya lallaɓa na bara da ɗan gyaran da aka bayyana a cikinsa, amma na wata da su Zara dole sai na shekarar.